Shekara Talatin Ina Kai Baƙi Wurin Tsuntsaye

Shekaranjiya ku biyar kuka same ni a bakin kasuwar kifi ta Nguru, kuka ce kun haɗa kai kun sayi kwalekwale, za ku fara kai baƙi kallon tsuntsaye a fadama. Na ji daɗi ƙwarai, Allah Ya sa albarka. Amma da dogon nan naku ya ce, "Baba Adamu, ai aikin ba wuya, ka zaunar da mutum a jirgi, ka nuna masa agwagwa, ya ɗauki hoto," sai na ce ku dawo yau mu zauna. To ga tabarma, ga shayi. Ku ajiye wayoyin nan tukuna.

Baƙuwar da na fara ɗauka wata Baturiya ce, doguwa mai furfura, wadda take zuwa kowane lokacin sanyi tana ƙirga tsuntsaye. Lokacin ina da shekara ashirin da biyar, da matata da 'yata ɗaya, kuma su nake yi, wato kamun kifi, sana'ar gidanmu. Mai kai ta kullum shi ne Baba Gaji, wani dattijo mutumin Bade daga wajen Dagona, can ƙasar Gashua. A shekarar nan ciwon kafaɗa ya hana shi riƙe gorar tura jirgi, sai ya aiko a nemo masa mai tuƙi. Aka ce ga Adamu, babu wanda yake riga shi kai kifi gaci.

Da asuba na sa sabuwar farar rigata ta Salla, na shafa turare, don an ce Baturiya zan ɗauka. Baba Gaji ya dube ni sama da ƙasa. Muka shiga jirgi, ita a gaba, shi a tsakiya, ni a tsaye a baya. Na dage na nuna gwaninta. Ina dasa gora ina turawa, jirgi yana tsaga bado kamar ana korar mu. Muna zagaya wani lungu sai ga ruwa ya yi baƙi ƙirin da kirinjijiya, agwagin nan masu farar fuska da suke fito kamar yara. Ban taɓa ganin su da yawa haka ba. Gorata ta bugi gefen jirgi, ƙwam! Ni kuma na ɗaga murya na ce, "Madam, ga su can!"

Suka tashi gaba ɗaya. Ƙarar fukafukansu kamar an sako ruwan sama a kan kwano. Kafin ka ce wani abu, babu ko ɗaya. Baturiyar ta sauke madubin hangen nesa daga idonta, ta dubi takardar da ba ta rubuta komai a kai ba, ta fashe da dariya har da hawaye. Baba Gaji bai yi dariya ba. Ya ce, "Adamu, kifi ka iya kaiwa kasuwa. Gobe ka zo da tsohuwar rigarka ta su."

Sanyi uku na yi ina tuƙa shi kafin ya yarda in ɗauki baƙo ni kaɗai. Ba mai yawan magana ba ne. In na yi kuskure sai ya tsoma yatsa a ruwa ya yarfa mini a ƙafa, in gane da kaina. A haka na koyi cewa ana sa rana a bayan baƙo, don in tana gabansa inuwa kawai zai gani, ba zai bambance ja da kore ba. Na koyi shiga da iska tana bugun fuskata, don ta kwashe motsinmu ta yi baya da shi. Ba a nufar garken tsuntsaye kai tsaye. A kaikaice ake tafiya, kamar kai ma wani wuri za ka, ba ruwanka da su. Akwai kuma zakaran ƙeƙuwa, ɗan tsuntsun nan mai baƙi da fari da yake tsayawa a gefen ruwa. Shi ne mai gadinsu. In ya gan ka ya fara ihu, ka gama aiki a wurin, sai ka canja hanya.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne sanin inda ake tsayawa. In agwagi suna kiwo kawunansu a ƙasa, kana iya matsawa. Da zarar biyu ko uku sun miƙe wuya, ka dasa gora ka tsaya cak, ko da baƙo yana roƙon ka. Na taɓa tambayar Baba Gaji, to in sun tashi mene ne, ai za su sake sauka. Ran nan ya yi mini doguwar magana. Ya ce, "Wasunsu hamada suka tsallako, sun iso nan ƙashi da gashi. Ƙiba suka zo yi don su iya komawa. Duk tashin da ka sa su, abincin yini ka ƙwace musu. Kai in kana cin tuwo ana tashin ka sau goma, gobe za ka koma gidan?" Mutumin da bai taɓa shiga aji ba ke nan. Da aka fassara wa Baturiyar, sai ta ce abin da aka koya mata a jami'a ke nan.

Bari in nuna muku kayan aikin, tunda ga su nan a jingine. Wannan gorar ta bakwai ce da na riƙe. Ku taɓa ku ji santsinta, hannu ne ya yi mata haka. Gefen jirgi, daidai inda gora take gogawa, ina naɗe shi da robar tsohuwar tayar keke don kada ya yi ƙara. Filafili kuma sai an shiga zurfin da gora ba ta taɓa ƙasa. Ruwan da ya shigo jirgi da ƙwarya nake kwashe shi, ba da gwangwani ba, don gwangwani yana kuka a jikin katako. Rigar ruwa dole ce ga kowa, ko gwamna ne, ko ya rantse ya iya iyo. Wannan buhun na shara ne. Duk ledar ruwan da baƙo ya sha, da robar lemo, cikinsa suke komawa, har da wadda na tsinta a hanya ba tamu ba. Na taɓa fiɗo leda daga cikin tarwaɗa, tun ran nan ban sake fita babu buhu ba. Injin da na ji kuna shawarar saye kuwa, ku saya in kuna so, yana da amfani ranar kasuwa. Amma ku kashe shi tun daga nesa, man da yake zubarwa kaɗai ya isa ya ɓata wurin kiwo.

Madubin hangen nesan nan Baturiyar ce ta bar mini a zuwanta na ƙarshe. Ɓangaren hagu ya tsage, da ido ɗaya nake kallo. Ta bar mini da littafi mai hotunan tsuntsaye. Ban iya karatun boko ba, amma ka kira kowane tsuntsu, zan buɗe maka shafinsa kafin ɗan jami'a ya gama duba jerin sunaye.

Wata safiya, tun lokacin da take zuwa, wani masunci ya zo da gudu, riƙe da wata 'yar agwagwa da ta faɗa tarunsa, a ƙafarta akwai zoben ƙarfe mai rubutu. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce ta aljanu ce, kada a taɓa. Wasu suka ce leƙen asiri aka turo ta. Wata tsohuwa ta ce a'a, aurenta aka ɗaura. Aka kai ta gaban Bulama, mai garin, shi kuma ya aika a kira mu. Baturiyar ta juya zoben ta karanta, sai ta dafe ƙirji. Ta ce daga wata ƙasa ce maƙwabciyar tasu, inda ruwa yake daskarewa ya zama dutse, can aka sa mata zoben don a san inda take zuwa. Bulama ya ce, "Wannan 'yar abar? Ba jirgin sama, ba guzuri?" Ya karɓe ta da hannu biyu, ya taka har bakin ruwa da kansa ya sake ta, jama'a suna biye da shi suna kabbara. Ya ce matafiyin da ya yi wannan nisa ba a yanka shi a garinsa. Daga ranar, duk masuncin da ya kama mai zobe sai ya kawo a rubuta lambar a sake ta, har gasa suke yi.

Baƙi iri-iri ne, kuma kowane da yadda ake tuƙa shi. Masu bincike za su zauna awa uku a kan tsuntsu ɗaya, kai dai ka riƙe jirgi kada ya motsa, ƙafarka ta yi tsami. 'Yan makaranta ba a hana su surutu, sai dai a kai su inda kwasa-kwasa suke, manyan nan masu jaka a ƙarƙashin baki, don su daga nesa ma ana ganin su. Yanzu kuma ga sabon salo, masu hoton kafin aure. Bara wasu suka zo daga Damaturu, ango da amarya da mai ɗaukar hoto. Mai hoton ya ce, "Baba, so nake tsuntsaye su tashi a bayansu. Ka buga gora a ruwa, ko in yi jifa." Na ce ba a jirgina ba. Amarya ta ɓata rai, ango ya fara neman wani mai jirgin. Na ce, "Ranki ya daɗe, ki ba ni zuwa la'asar sakaliya. In ba ki sami abin da ya fi wannan ba, ki faɗa wa duk Damaturu Adamu maƙaryaci ne." Na kai su bakin wani kurmin bagaruwa da yake tsaye cikin ruwa, inda balbelu suke kwana. Rana tana yin ja suka fara dawowa daga kiwo, layi bayan layi, farare fat, suna wucewa ta saman kanta ba wanda ya kore su. Mai hoto ya ɗauka har batirinsa ya mutu. Ƙawayenta uku sun zo bana, duk wurin suke tambaya.

Kada ku ɗauka kullum haka take. Akwai shekarun da rashin tsaro ya hana kowa zuwa jihar nan, kun san su, kuna yara. Baƙi suka ɗauke ƙafa ɗif. A tsakiyar shekarun nan Baba Gaji ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Kuma a lokacin ne kachalla ta ci ƙarfinmu, doguwar ciyawar nan da ta fi mutum tsawo. Ta toshe hanyar ruwan da muke bi, wadda take kai ruwa gonakin shinkafar garin. Ruwa ya kwanta inda ba a son sa, inda ake jiran sa kuma ya bushe. Kifi ya ragu. Jan-baki, ƙananan tsuntsayen nan masu cin hatsi, suka sami gidan kwana a cikinta, suna fitowa kamar hayaƙi suna cinye ɗan abin da aka noma. Na jingine jirgi na koma dakon kwalayen busasshen kifi a kasuwar Nguru.

Mafi muni ita ce shekarar da yunwa ta sa wasu suka fara zuba hatsi mai guba a bakin ruwa, agwagi su ci su mutu, a soya a kai tasha. Ban zage su ba, na san abin da yake gidajensu, irinsa ne a gidana. Ɗaya daga cikinsu abokina ne na ƙuruciya. Ya ce mini, "Adamu, kai ka san inda dinya take kwana. Ka nuna mana, a raba da kai." Dinya ita ce babbar agwagwar nan da ta kai ɗan akuya nauyi. Na ce masa ya ba ni kwana biyu. Maimakon in koma wurinsa, sai na tafi wurin Bulama, ɗan wancan na farko, don uban ya riga ya rasu. Na ce, "Allah Ya ba ka nasara, gubar nan ba a agwagwa take tsayawa ba. A ruwan nan shanu suke sha, a nan mata suke ɗiba. Kuma ba agwagwa ce ta hana mu abinci ba, kachalla ce. A yi gayya a buɗe hanyar ruwa."

Aka yi shela. Masunta, manoma, har Fulanin da suke mashaya a wurin, kowa ya zo da lauje da adda. Kachalla ba a yanka ta a sama, sai ta ƙara tofowa. Ƙarƙashin ruwa ake yanka ta, ruwa ya rufe kututturen ya ruɓe. Ka shiga ruwa har ƙirji tun hantsi, ganyen yana yanka hannu, matsattsaku suna manne maka a cinya. Mata suna kawo kunu da ɗanwake a jirgi, wani makaɗi yana zaune a kan tudu yana yi wa duk wanda ya fito hutawa waƙar ragwanci. Abokin nan nawa shi ya fi kowa yanka. Mun fi wata muna yi. Ranar da muka fasa toshiyar ƙarshe, ruwa ya taho da gudu yana tura tarkace, manya da furfurarsu suna bin sa a guje ta kan gaci kamar yara. A zaman da aka yi bayan nan aka yarda: an daina guba, an bar lungu ɗaya babu taru babu tarko a lokacin sanyi, kuma duk baƙon da ya zo, a garin zai ci abinci, a nan zai sayi tabarmar kaba. Da hanya ta yi lafiya baƙi suka dawo, yawanci ma 'yan ƙasa. Har yau duk shekara sai mun shiga mun yanka, don kachalla ba ta mutuwa, sai dai a hana ta sakewa.

Aikin da na fi so in ba ku labari na sanyin bara waccan ne. Wata ma'aikaciyar jinya daga Gashua, Hajiya Falmata, ta zo a keke napep da mahaifinta, wani tsoho siriri mai suna Malam Isa. Ta ja ni gefe ta ce, "Malam Adamu, Baba ba ya gani, shekara shida ke nan. Amma ya matsa sai an kawo shi." Duk sana'ata nunawa ce, me zan nuna wa makaho?

Tsohon ya ji mu. Ya ce, "Ɗana, ba kallo na zo ba. A jirgin ƙasa na yi aiki, Kano zuwa Nguru, ni ne mai zuba wa inji gawayi. In muka doso Nguru da sassafe aka rage gudu, sai in ji kukan gauraka daga fadama, kamar ana busa ƙaho. Da na ji shi na san mun iso gida. Shi nake so in ƙara ji."

Na gaya masa gaskiya. Gauraka, dogon tsuntsun nan mai tuntu kamar zinariya a ka, ya yi wuya yanzu. An kama su da yawa an sayar wa masu son ajiye su a tsakar gida. Ni kaina na shekara biyu ban sa su a ido ba. Ya ce, "A gwada. Hutun kwana uku aka ba ta."

Ranar farko ba mu same su ba. Amma tsohon nan ya ba ni aiki. Yana zaune da rigar ruwa, hannunsa ɗaya a cikin ruwa, duk kukan da ya ji sai ya ce, "Wane ne wannan?" In ce zalɓe ne. "Yaya yake tsaye?" In ce da ƙafa ɗaya, ya ƙudundune wuya kamar mai jin sanyi. Sai ya yi dariya ya ce ya san wani sitashamasta, shugaban tashar jirgin ƙasa, mai irin tsayuwar. Rana ta biyu ma haka, babu gauraka. Da yamma na bi rugage ina tambaya, har wani makiyayi ya ce yana jin su a wata fadama mai nisa, inda ruwa bai kai gwiwa ba.

Rana ta uku muna idar da sallar asuba muka tashi. Muka yi tafiya har jirgi ya zauna a laka, gora ta kasa tura shi. Saura kamar tsawon fili biyu na ƙwallo zuwa wani tudu mai bishiyar giyayya. Hajiya Falmata ta ce a haƙura. Na ce, "Baba, za ka hau bayana?" Ya ce, "Rabona da goyo shekara tamanin, amma bismilla." Na goya shi, ita tana biye da takalmanta a hannu, laka tana kama mu har ƙwauri, shi kuwa yana ce mini in rage gudu an kusa tasha.

Muka zauna a gindin giyayya. Rana ta fito, ta ɗaga, ta fara zafi. Na duba ko'ina da madubi, babu komai sai shanu can nesa. Hajiya ta dubi agogo ta ce, "Baba, da yamma zan karɓi aiki." Sai ya ɗaga hannu. Ni ban ji komai ba. Can sai ga shi, siriri daga gabas, sannan ya ƙaru, kukan nan mai kamar ƙaho, ɗaya yana yi ɗaya yana amsawa. Suka taho ƙasa-ƙasa suka sauka a gabanmu, jifa ɗaya tsakani. Tsohon ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, bakinsa yana motsi. Hajiya ta toshe baki da mayafi.

Da suka lafa ya ce a hankali, "Su nawa ne?"

Na ce, "Uku, Baba. Manya biyu, suna ta tsalle suna buɗe fukafukai. Na ukun ƙarami ne, tuntunsa bai gama fitowa ba."

Ya ce, "Ƙarami? Ashe suna haihuwa." Ya yi dariya har haƙoransa biyu da suka rage suka fito. "Alhamdu lillahi. Ni na ɗauka 'yan sauran da suka rage na zo yi wa sallama."

Hajiya ta ɗaga waya tana ɗauka. Ya ji ƙarar, ya ce, "Falmata, ɗauki ki nuna wa yara a gida. Amma kada ki rubuta sunan wurin nan a ko'ina. Kai ma Adamu, ka yi mini alkawari. Masu kama su a buhu suna da waya su ma."

Na yi masa alkawari a gindin giyayyar, sannan na sake goya shi muka koma jirgi, yana ta kwaikwayon kukan a kunnena har muka isa. Yana nan da ransa a Gashua, duk wanda zai zo Nguru sai ya aiko shi ya tambaye ni ko su nawa ne yanzu. Bana na aika masa cewa biyar ne.

Na ga kuna kallon juna, kuna jira in faɗi sunan fadamar. Ba zan faɗa ba. Wanda ya yi sanyi biyu yana tuƙa ni a cikinku, ni da kaina zan kai shi, in laka ta kama mu kuma shi zai goya ni.